Tafasa Almakashi Ya Wadatar?

Tambaya: Ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada, Zariya. In an ɗauke wuta, tafasa almakashi da hantsaki muke yi. Hakan ya wadatar?

Amsa: Malama, bai wadatar ba. Ruwa yana tafasa ne a kusan digiri 100, kuma wasu ƙwayoyin cuta, irin mai kawo sandarewar wuya (tetanus), sukan shiga ɓawo mai tauri su tsira. Duk abin da zai taɓa rauni, tukunyar turara kaya mai matsi yake buƙata: digiri 121, minti 30 ga kayan da aka naɗe. Akwai wadda ake ɗorawa kan risho ko gas, ku nema.

Amma a fara wankewa da sabulu da burushi, musamman mahaɗar almakashi, domin busasshen jini yana kare ƙwayar cuta daga tururi. A sa almakashin cikin tukunyar a buɗe. Kada a cusa kaya maƙil, kuma a bar iska ta fita kafin a rufe mafitar tururi. Inda aka fi kuskure shi ne lissafin lokaci: sai zafin ya kai 121 ake fara ƙirga. Ƙunshin da ya fito da danshi kuwa, a sake shi.