Tambayoyi da amsoshi kan waya: an maida hoton ɗana sitika a gurup ɗin ajinsu

Assalamu alaikum jama'a. Wannan satin saƙonnin da suka shigo da yawa kan abu guda ne, yara ƴan lakwal da cin zalin da suke wa junansu ta waya, shi ya sa na haɗa su wuri guda, masu tambayar baturi da ke kumbura ku yi mini haƙuri sai sati mai zuwa.

Wata uwa daga Boukoki: Malam barka da aiki. Ɗana yana CM1 (aji biyar na firamare) kuma yana da i'ina, wani yaro ya ɗauke shi bidiyo lokacin da mushe ya sa shi karatu, suka yanko fuskarsa suka yi sitika da ita a gurup ɗin WhatsApp na ƴan ajinsu, ni ban ma san da gurup ɗin cikin wayata ba sai da ya fara cewa cikinsa na ciwo kullum da safe. Ina so in goge WhatsApp ɗin gaba ɗaya, kuma ko akwai yadda za a cire hoton daga wayoyin mutane?

Hajiya Allah ya ba ki haƙuri, amma don Allah kar ki goge komai tukuna. In kin goge yau gobe kika je wurin direktar da baki kawai, uban wancan yaron zai ce ɗansa bai ma iya taɓa waya ba, shi ke nan magana ta mutu. Fara yin kaptir na saƙonnin, wato ɗaukar hoton fuskar waya, a yawancin Tecno da Itel da Infinix ana danne maɓallin kunnawa da na rage murya tare, ki tabbata lambar wanda ya turo da ranar sun fito a hoton. Bokal kuma, wato saƙon murya, ba ya kaptiruwa, sai ki tura shi zuwa lambarki ko ta baban yaron. In kina son hirar duka ki shiga gurup ɗin, ɗigo uku na sama, Plus, sannan Exporter, zai haɗa miki ita fayil guda.

Batun cire hoton kuwa gaskiya ɗaya ce, ke ba ki iya cire shi daga wayar wani. Wanda ya turo ko admin na gurup su ne ke iya goge wa kowa, shi ma cikin kwana biyu ne kawai, in ya wuce ƙofar ta rufe, kuma duk yaron da ya riga ya ajiye sitikar a wurinsa tana nan, balle bidiyon da ke yawo ta Xender wanda ko forfe ba ya buƙata. Duk wanda ya ce ki kawo jikka biyu zai share miki shi daga intanet cin kuɗinki kawai zai yi. Hanyar da ke aiki ita ce ta ƙafa, ki tafi wurin mushen ajin da kaptir ɗinki, shi da direktar su kira iyayen yaran da ke cikin gurup ɗin a goge a gaban kowa, don kusan duk wayoyin nan na iyaye ne, yaran aro suke yi da dare. Kar ki nufi gidan yaron da zafinki, yadda unguwa take faɗan yara yanzu sai ya koma na manya.

Bayan kin ajiye shaida sai ki danna Signaler, yana aika wa WhatsApp saƙonni biyar na ƙarshe, amma kar ki zauna jiran su, sannan ki fita daga gurup ɗin, tun 2022 admin kaɗai ake sanar wa idan mutum ya fita. Ki shiga Paramètres, Confidentialité, Groupes, ki ɗauke shi daga Tout le monde ki maida Mes contacts, ta haka baƙuwar lamba ba ta iya jefa ki gurup sai ta aiko gayyata.

Sai abu guda da ba na saiti ba. Kar ki yi masa faɗa don ya shiga gurup a ɓoye, aƙalla ba yanzu ba. Yaron da ya kawo kuka aka amshe masa waya aka haɗa da bulala ya koyi darasi guda, wato gobe ya yi shiru, kuma ciwon cikin nan na safe shi ne maganar da ya kasa faɗa miki.

Wani uba daga Tahoua: Ɗiyata tana CM2 (aji shida na firamare), ta matsa mini in sai mata android wai duk ƙawayenta suna da ita kuma suna mata dariya. In saye ko in bari?

Alhaji ni dai ra'ayina ka bari. WhatsApp da TikTok da Facebook duka a ƙa'idarsu sai mai shekara 13, ƴar CM2 kuwa yawanci 11 ce ko 12, ke nan sai an yi ƙaryar shekaru kafin a buɗe mata, kuma da zarar an rubuta 18 to TikTok zai ɗauke ta babba ya buɗe mata saƙon baƙi. In don kiranta ne idan an tashi lakwal ƙaramar waya mai maɓalli ta isa. In kuma ka ga dole ne, ka sa Family Link na Google, kyauta ne, ka buɗe mata akawun na yara da shekarunta na gaskiya, daga wayarka kana iya hana ta sauke komai sai ka yarda, ka sa awa nawa a rana, ka sa wayar ta kulle kanta da dare. Amma ka sani ba ya nuna maka abin da ake rubuto mata, wannan sai ka zauna da ita kun duba tare, tana sane, ba leƙe a ɓoye ba. Kuma waya ta kwana a caji ɗakinku. Dariyar da ka ce ana mata ita ma ka tambaye ta su wa ke yi kuma tun yaushe, wani lokaci ba wayar ce matsalar ba, an dai samu abin tsokana ne, in ka saye gobe su koma kan takalminta.

Wani mushe daga Talladjé: Ajina cike yake maƙil, ba na iya ganin komai, kuma abin da ake yi a waya da dare ni ina ruwana tunda ba a lakwal aka yi ba?

Mushe ruwanka ne fa, don zagin da aka yi a gurup ƙarfe goma na dare gobe a benci guda za su zauna, kuma yawanci abin a lakwal ya faro, lokacin rekre, wurin famfo, bayan ban-ɗaki, ko kan hanyar gida inda babu babba. Waya ƙari kawai ta yi, da can yaro in ya shiga gida ya huta, yanzu abin na bin sa har kan tabarma. UNESCO ta fitar da rahoto a 2019 cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya sha cin zali a cikin wata guda kafin a tambaye shi, a Afirka kudu da Sahara kuma kusan rabi ne, ko da yake yaran da aka tambaya galibinsu sun ɗan girmi naka.

Ba ka iya gani amma yaran suna gani, su za ka yi aiki da su. Mai cin zali ƴan kallo yake wa wasa, in masu turo hoton dariya suka daina shi ma sai ya gaji, to ka gaya musu ƙarara cewa wanda ya tura gaba da wanda ya ɗauka laifinsu guda. Ka ba su hanyar faɗa maka ba a gaban aji ba, ko da kwali ne mai ɗan rami da za a jefa takarda ba suna. Kuma kar ka zane mai laifin a gaban kowa da sunan wanda ya kai ƙara, a hanya zai rama. Ka kai maganar taron CGDES, wato kwamitin kula da lakwal, da na iyayen yara, musamman uwayen AME, ƙungiyar uwayen ƴan lakwal, tunda wayoyinsu ne aka fi ara. Gurup ɗin aji in za a yi, na iyaye ya zama, ka saita shi admin kaɗai ke rubutu. In kana neman ranar da za ka fake da ita, Alhamis ta farko a watan Nuwamba ita ce ranar da UNESCO ta ware kan wannan tun 2020.

Wata daga Lazaret: Ni nawa ɗan ne ya yi zagin, da wayata. Akwai abin da zai same ni?

Yaya layin da sunanki aka yi masa rajista, duk wanda ya bi lamba ke zai tarar. Muna da dokar laifukan intanet, mai lamba 2019-33 ta watan Yulin 2019, ta shafi zagi da ɓata suna ta waya, kuma a 2024 an maido hukuncin kaso a kansu. Ba na ce za a kai ki kotu kan rigimar ƴan firamare ba, amma kar ki jira. Ki goge wa kowa in lokaci bai wuce ba, ki riƙo hannunsa ku je ya ba da haƙuri da bakinsa, ki canza kod ɗin wayar, sannan ki bincika ko shi ma wani babba ne ke cin zalinsa yake saukewa kan ƙarami.

Wani daga Yantala: Wata lamba da ba mu sani ba tana turo wa ƙanwata mai shekara 10 saƙo, wai in ba ta aiko hotonta ba zai faɗa wa babanmu ƙarya a kanta.

Wannan ya wuce tsokanar yara, mai yiwuwa ma babba ne. Kar ku amsa masa, kar ku zage shi, kar a tura komai ko da hoton nan mai buɗuwa sau ɗaya, don ana ɗaukar sa da wata wayar. Ka yi kaptir da lambar a fili, ka faɗa wa baba da kanka yau don barazanar ta mutu, sannan ku tafi komisariya da wayar ku nemi sashen da ke kula da yara ƙanana, sai abin da suka ce kafin ka yi bloke. Ka duba Appareils connectés ko akwai wata na'ura da ba ku sani ba ka fitar da ita, ka kunna Vérification en deux étapes da lamba shida wadda kai kaɗai ka sani.