Tambayoyin Makaranta: Ƙaramin bulok ko babba zan ɗora wa jirgin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni bakanike ne a nan Jidda, mota nake gyarawa. Kafilina ya sayo tsohon kwale-kwale na Amurka mai tsawon ƙafa 21, irin wanda ba shi da farfela a waje, ruwa yake zuƙa ta ƙasa ya feso ta baya. Gishiri ya gama cinye injin, yace in nemo wani. A tashlih, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, an nuna min inji biyu na Jims (motar GMC), ƙaramin bulok 350 da kuma babban bulok 454, shi kuma so yake ya riƙa fita da iyali Obhur, bakin teku a arewacin Jidda, ranar Juma'a, su kusan bakwai. Wanne zan ɗauka? Daga wani makaranci a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ni dai 454 zan ce maka, amma tsaya kaji dalili kafin ka kai kuɗin mutane tashlih.

Irin jirgin nan Bill Hamilton ɗan ƙasar New Zealand ya fito da shi a 1954 saboda kogunansu marasa zurfi, kuma abin da ya raba shi da motar da ka saba shine babu giya. Inji manne yake kai tsaye da farfelar dake cikin famfo, ba namba ɗaya ba namba biyu, to ita farfelar ce ke yanke masa iyakar juyawa, kuma tana cin ƙarfi ba kaɗan ba, in kana so juyin ya ninka sau biyu sai ƙarfin ya ninka sau takwas. Kaga ke nan ƙarfin murɗa ake buƙata tun daga ƙasa, lokacin da jirgi ke ƙoƙarin ɗagowa ya hau saman ruwa da mutum bakwai da kular kankara da tanki cike. Nan ne 454 mai lita 7.4, wanda Chevrolet ta fara a 1970, yake nuna kansa. Shi 350 lita 5.7 ne, inji ne mai albarka wallahi, kayansa ko'ina akwai a Sana'iyya, unguwar garejoji, ya fi sauƙin mai kuma ya fi 454 rashin nauyi da kusan kilo 50, amma a jirgi mai ƙafa 21 da wannan lodi kullum a maƙure zai yini yana ihu, man da kake tunanin za'a rage ma ba lallai a gani ba. Da ace jirgin ƙafa 17 ko 18 ne na mutum biyu uku, ba zan ma ja zance ba, 350 ɗin zan ce.

Kafin komai ka kwance famfon ka duba farfelar. In famfon ƙirar kamfanin Berkeley ne, farfelunsu suna da haruffa, A da B da C, ita A tafi nauyin ja kuma babban inji take so, C kuwa tana sakin inji ya juya sosai. Ka ɗora ƙaramin bulok kan A sai ya kasa kaiwa juyinsa. Ka kuma duba tsohon injin, in Oldsmobile 455 ne ko Ford 460, waɗanda aka fi sa wa jiragen shekarun 1970, to mazauni da salansa duk sai ka sake.

Abin da yafi damuna a tambayarka kuwa shine kalmar tashlih. Injin mota ne zasu baka, kuma ba'a ɗora shi haka nan. A mota tururin fetur iska ke kwashewa, a jirgi kwanciya yake a ƙasan ɗakin inji, tartsatsi ɗaya daga kik ko dinamo ya isa a yi asarar rai. Don Allah kik, dinamo, kafireto da famfon mai duk ka sa irin waɗanda aka ƙera don jirgin ruwa, ka sa fankar dake zuƙe tururi, a kunna ta 'yan mintuna kafin a tada inji. Ko kafili yace tsada, kar ka yarda, yara za'a ɗauka.

Sai gishiri. Bahar Maliya na cikin tekuna mafi gishiri a duniya, kusan giram 40 a kowace lita, shi ya kashe na farko. Irin jiragen nan daga famfo suke ɗibar ruwan sanyaya inji, har yashi yake shiga in an matsa gaɓa. Ka haɗa masa sanyaya ta rufe, wadda ruwan daɗi ke zagaya cikin bulok, na teku ya tsaya a waje yana ɗauke zafi, sannan duk dawowa a wanke da ruwan famfo tun kafin a tafi gida.

In ka kwance famfon ka turo min harafin farfelar da lambar dake jikin bulok ɗin, sai in faɗa maka ko za'a barta ko a canza.