Tambaya da Amsa: Shin gyaran kicin yana buƙatar izinin hukuma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwargida ce a Kaduna, muna zaune a gidanmu na kanmu mai ɗaki uku da falo, wanda maigidana ya gina shekaru da dama da suka wuce. Kicin ɗin ya yi mana kaɗan, har idan mu biyu ne a ciki sai ɗaya ta manne da bango kafin ɗaya ta wuce da tukunya. Na ɗauki adashina, ina so a fasa bangon da ke tsakanin kicin da sito a haɗe su, a ƙara faɗinsa ta baya kamar mita biyu zuwa wajen katanga, a mayar da sinki ƙarƙashin sabuwar taga, sannan a sa tayil da kabad. Birkilan da ya zo ya duba ya ce babu ruwan hukuma da abin da mutum ya yi a cikin katangar gidansa. To amma a watan jiya na ga an shafa jan fenti a bangon wani gida da ake ƙara wa ɗaki a layinmu, tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Shin sai na nemi izini?

Wata mai karatu daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sa wa wannan niyya albarka. Ayyukan da kika lissafa a wurinki duk sunansu gyaran kicin, amma a idon hukumar tsara birane sun rabu gida biyu. Sa tayil, da fenti, da kabad, da sauya sinki ko kan famfo, gyaran fuska ne da bai taɓa ƙashin ginin ba, kuma ba irinsa ake bi da jan fenti ba. Fasa bango da ƙara mita biyu ta baya kuwa sun sauya siffar gidan daga yadda take a zanen da aka amince da shi tun farko, don haka suna buƙatar izini. A jiharki hukumar da ke ba da shi ita ce KASUPDA, kamar yadda KNUPDA take a Kano, a Abuja kuma Sashen Kula da Gine-gine na Babban Birnin Tarayya.

Birkilanki ba lallai ne yana yaudararki ba, abin da ya saba gani yake faɗa, domin ya yi irin wannan aiki a gidaje da yawa ba wanda ya leƙo. Sai dai batun cewa katanga tana kange hukuma ba shi da tushe a doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mai gida yake riƙe da shi kuwa haƙƙin zama ne bisa sharuɗɗa, yawanci na shekara 99. Ki roƙi maigidanki ya ɗauko takardar C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, daga inda take ajiye, ku karanta sharuɗɗan da ke jikinta a tsanake. A yawancin irin waɗannan takardu akwai sakin layin da ya ce ba za a yi ƙari ko sauyi ga ginin ba sai bisa zanen da hukuma ta amince da shi, kuma mutane kaɗan ne suka taɓa karanta wurin. Bayan wannan akwai Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992, wadda ta tanadi neman izini kafin gini, da ikon dakatar da aiki ko rushe shi idan an saɓa. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da gwamnatin Legas ta shigar da Gwamnatin Tarayya, cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Abin da ya sa ke nan kuɗi da ƙa'idoji suke bambanta daga jiha zuwa jiha, saboda haka kada ki ɗora lissafinki a kan abin da wata 'yar'uwa ta biya a Kano ko Abuja.

Bangon nan na tsakanin kicin da sito shi ne ya fi damuna a wasiƙarki, fiye ma da takarda. Magina suna da al'adar cewa bulo inci tara shi ke ɗaukar nauyi, inci shida kuwa na raba ɗaki ne kawai, a fasa shi babu komai. Sau da yawa haka ne, amma ba kullum ba, domin a gidajenmu kafinta yakan ɗora katakon rufi a kan duk bangon da ya samu a daidai wurin, ba tare da ya tambayi kaurinsa ba, wani lokacin ma akan ɗora tankin ruwa a saman sito saboda ɗakin ƙarami ne kuma bangayensa suna kusa da juna. Kafin a ɗaga guduma, a cire allon silin guda ɗaya, a haska tocila a ga abin da ke zaune a kan bangon. Idan rufin kankare ne, wanda magina ke kira dekin, to maganar ta wuce hannun birkila gaba ɗaya, sai injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi, ya zo ya lissafa girman bim ɗin da zai maye gurbin bangon, da kaurin rodinsa da yawansa, da ginshiƙan da zai zauna a kai. Illar kuskure a nan ba ta cika bayyana a ranar ba. Sai bayan damina ɗaya ko biyu a ga silin ya yi ciki, ƙofar sito ta fara cijewa, tsaga ta kama daga kusurwar taga ta nufi sama. Idan an zuba bim, a bar sandunan tokare a wurinsu har injiniya ya ce a cire, domin kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, ma'aikata kuwa sukan matsu su kwashe katakonsu su kai wani aiki.

Ƙarin mita biyu yana da nasa matsalolin. Hukumar tana buƙatar a bar tazara tsakanin gini da katanga ta kowane ɓangare, saboda iska da haske, da kuma hanyar kai ɗauki idan gobara ta tashi, wadda a kicin ta fi tashi. A auna abin da zai rage bayan ƙarin, domin idan sabon bangon zai je ya haɗe da katanga, zai yi wuya a amince da zanen a haka, gara ki san wannan tun kuɗin suna hannunki. A duba kuma inda sokawe da tankin bayan gida suke, tunda a bayan gida aka fi haƙa su: ba a ɗora harsashi a kansu, ba a kuma rufe murfinsu da tayil yadda motar kwashewa ba za ta samu hanya ba. Sannan akwai haƙƙin maƙwabci, wanda ya girmi KASUPDA nesa ba kusa ba. Indararon da zai riƙa zuba a gidan wani, da tagar da ke kallon tsakar gidansa, da ruwan wanke-wanke da aka saki a lungu, su ne ke kai mutane gaban mai unguwa, kuma sau da yawa maƙwabcin da aka ɓata wa rai shi ne ke nuna wa jami'ai hanyar gidan.

Idan za ku je ofishin, ku tafi da kwafin takardar mallaka, da zanen awon fili, da tsohon zanen gidan mai hatimin amincewa, da sabon zanen da ke nuna abin da za a fasa da abin da za a ƙara, wanda mai zanen gini da ke da rajista da ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini, ya sa wa hannu, tare da zanen injiniya. Akan kuma nemi shaidar biyan haraji da kuɗin ƙasa. A biya kowane kuɗi ta banki zuwa asusun gwamnati a karɓi rasit, kada a damƙa shi ga wanda ya tare ku a bakin ƙofa ya ce zai gama muku komai cikin kwana biyu.

Na san abin da ke hana mutane zuwa, wato tsoron tonon silili, domin gidaje da yawa an gina su ba tare da zanen da aka amince da shi ba, ko kuma an kauce wa zanen tun a harsashi. Idan gidanku yana cikin waɗannan, mai zanen zai auna shi yadda yake a yanzu, a nemi daidaita takardunsa tare da izinin sabon aikin. Zai ci kuɗi, babu shakka, amma a ganina wanda ya kai kansa yana da bakin magana fiye da wanda aka tarar da bango a fashe, aka dakatar masa da aiki, iyali suna girki a tsakar gida ga hadari yana haɗowa.

Gas da wuta ba su cika shiga lissafin masu neman izini ba, alhali su ne masu kisa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya zurare ƙasa yake kwanciya, saboda haka babbar taga a sama ba ta wadatar ba, a bar kafar iska a ƙasan bango ko ƙasan ƙofa. Tunda za a yi sabon bango, a yi wa tukunyar gas keji a waje, a inuwa, tana tsaye, nesa da bakin kwata, a shigo da bututu ta bango. Idan za ki sa murhun lantarki ko oben, a ja masa layinsa daban daga akwatin rarraba wuta da waya mai kauri, kada a jona shi a soket ɗin firji. Idan kuma mita tana jikin bangon da za a taɓa, kamfanin rarraba wuta ne ke da ikon matsar da ita.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na sayi gida a Birmingham, irin jerin gidajen nan masu bango ɗaya da maƙwabta. Ina so in cire bangon da ya raba kicin da ɗakin cin abinci. Wani abokina ya ce tunda aikin cikin gida ne ba na buƙatar komai daga hukumar birni. Haka ne?

Wani mai karatu daga Ingila

AMSA: Barka kadai, Malam. Abokinka ya faɗi rabin magana. A Ingila izini iri biyu ne, kuma ofisoshinsu daban. Na farko izinin tsara gari ne, wanda ya shafi siffar gida ta waje da yadda ake amfani da shi, kuma gaskiya ne cewa aikin cikin gida ba ya buƙatarsa, sai idan gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi da aka killace. Har ƙari ta baya mai hawa ɗaya akan yi shi ba tare da wannan izini ba idan bai wuce mita 3 ba a gida irin naka, ko mita 4 a gidan da ke tsaye shi kaɗai, muddin an cika sauran sharuɗɗan. Na biyu shi ne amincewar ƙa'idojin gini na 2010, wanda ya shafi ƙarfin gini da gobara da wuta da iska, kuma cire bango mai ɗaukar nauyi yana ƙarƙashinsa kai tsaye. Injiniya zai lissafa ƙarfen da za a gicciya, a sanar da sashen duba gine-gine na hukumar birni ko wani mai duba mai rajista kafin a fara, su zo su ga ƙarfen da idonsu kafin a rufe shi da filasta.

Idan bakin ƙarfen zai shiga cikin bangon da kuke tarayya da maƙwabci, dokar bangon tarayya ta 1996 ta wajabta maka ba shi sanarwa a rubuce wata biyu kafin aikin, sai idan ya yarda a rubuce a fara da wuri. Aikin gas kuwa sai mai rajista da Gas Safe, tsarin da ya fara aiki a 2009, kuma ka nemi ya nuna maka katinsa ka duba bayansa, inda aka rubuta irin aikin da aka yarje masa. Jan sabon layin wuta ko sauya akwatin rarraba wuta shi ma aiki ne da ake sanarwa, amma ma'aikaci mai rajista yakan sanar da kansa ya ba ka takarda.

Ka riƙe sauran kuɗin magini har sai takardar kammala aiki ta shigo hannunka, domin ita ce lauyan mai saye zai nema ranar da za ka sayar da gidan, kuma tun watan Oktoba na 2023 hukumar birni tana da shekara 10, maimakon wata 12 na da, da za ta iya tilasta maka gyara ko warware aikin da ya saɓa wa ƙa'ida.