Zane aikin banza ne?

Tambaya: Malam, ɗana ya kafe sai zane zai koya. Wai zane na da abin faɗi kan dalilin zuwan mutum duniya? Daga wata uwa a Tawa.

Amsa: Hajiya, yana da shi ƙwarai. A Dabous, arewa da Agadas, mutanen dā sun sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse. Babban ya haura mita 5. A ganina ba don ciki suka sha wannan wahala ba, shaida suka bari cewa sun rayu, sun ga kyawun halitta. Matashin da ke zana ƴan ci-rani cikin hamada yau, shi ma tambaya yake: me mutum ya fito nema? Ki kawo yaron Yamai, gidan tarihi na Boubou Hama, ya zauna wurin maƙera da dukawa.