Amsa ga Kawu a Gusau: Raunin Ɗan Damben Gida Idan an Haɗa Ƙirji

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kun tambaye ni dalilin da ya sa ɗan damben da ake ji da shi a Zamfara yakan sha wuya idan ya zo nan Accra ya sa safar hannu, alhali a gida ba a iya tsayawa gabansa. Amsar tana cikin irin damben da yaranmu na Nima da Sabon Zango suka tashi da shi, wanda suka koya wurin makwabtanmu 'yan ƙabilar Ga na unguwar Bukom, unguwar da ta fitar da shahararrun 'yan damben zamani Azumah Nelson da Ike Quartey.

Damben gida wasan tazara ne. Ɗan wasa yakan buɗe ƙafafu, ya juya gefe, ya miƙa garkuwa, wato hannun da ba a ɗaure ba, don auna abokin karawa, ya ja mashi, wato hannun da aka ɗaure, can baya yana jiran kisa, kuma da zarar an rungumi juna alƙalin wasa ya raba. A nan kuwa, muddin hannuwa suna aiki, alƙali ba ya shiga tsakani, kuma turmi ɗaya minti uku ne cur, a wasan kambun duniya har turmi 12. Saboda haka yaron Bukom ba ya tsayawa inda mashi zai same shi. Yakan sunkuya ya shige ƙarƙashin garkuwar, ya ɗora goshinsa a kafaɗar mutum, daga nan labari ya sauya.

Babban raunin shi ne hannun da ya saba da doguwar tafiya. Naushin da sai an ɗauko shi daga bayan kunne ba shi da wurin wucewa idan tsakanin mutum biyu bai fi taƙi ɗaya ba, kuma kafin ya iso an riga an saka wa mai shi gajeru biyu ko uku. Sannan gwiwar hannunsa takan tashi daga jiki, haƙarƙari ya zama a buɗe, musamman ɓangaren dama inda hanta take. Naushin hagu a wannan wuri ba ya da ƙara, 'yan kallo ma ba su cika lura da shi ba, amma sai ku ga ƙato ya yi jim kamar bai ji komai ba, sannan ya durƙusa a hankali yana neman numfashi. A ganina wannan ya fi bugun fuska illa, domin jarumta ba ta maganinsa.

Akwai kuma maganar haɓa. Namu yakan miƙe tsaye idan an matse shi, ya ɗaga kai yana neman alƙali da ido, daidai lokacin da naushin da ke tasowa daga ƙasa yake neman haɓarsa. In ya ja da baya kuma, sai ya ja a miƙe har bayansa ya taɓa igiya, maimakon ya kewaya gefe.

Ko gwanaye ma matsi yana wahalar da su. A 1991 a Las Vegas, Jeff Fenech na Ostareliya ya manne wa Azumah a jikin igiya kusan duk tsawon wasan, aka tashi kunnen doki, mutane da yawa suna ganin Fenech ne ya yi nasara. Da suka sake haɗuwa a Melbourne a 1992, Azumah ya riƙa tarbarsa da naushi tun kafin ya shigo, ya gama da shi a turmi na takwas.

Shi ya sa, Kawu, idan yaro ya zo mana daga gida da sha'awar wannan wasa, masu horarwa sukan fara da tsuke masa ƙafafu, su sa shi ya matse haɓa da ƙirji, gwiwar hannu kuma a manne da haƙarƙari, su tsayar da shi a kusurwa ya koyi aiki da hannun hagu, wanda a gida bai san shi da komai ba sai tarewa. Ƙarfin damansa kuwa ba a taɓa shi, gajarta masa hanya kawai ake yi.