Ta ci ƙwallo biyu, an tambaye ta zancen aure

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Jidda ce, a nan aka haife ni, iyayenmu ne suka zo daga ƙasar Kano. Akwai 'yar ƙanena da nake riƙo, shekararta 17, tana buga ƙwallon ƙafa a wata ƙungiyar 'yan mata. Kwanan baya ta ci ƙwallo biyu a wasa ɗaya, sai wani matashi mai shafin labarin wasanni ya yi hira da ita. Abu uku ya tambaye ta: ko mahaifinta ya yarda, yaya take gudu da ɗankwali a wannan zafi, kuma ko za ta ci gaba in ta yi aure. Shi wannan matashin ya taɓa hira da yayanta, duk zancen ƙwallo suka yi. Yarinya ta dawo gida jiki a sanyaye. Maigidana ya ce neman magana nake yi, tunda yaron bai yi rashin kunya ba. Malama, ke da kika san aikin jarida, ni ce na cika ƙorafi ko da abin dubawa? Me kuma zan ce mata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba ki cika ƙorafi ba. Alhaji ma yana da gaskiyarsa ta wani ɓangare, domin na yarda yaron bai yi niyyar cin fuska ba. Sai dai ladabi daban, iya tambaya daban. Yarinya ta yi minti 90 tana aiki, aka ba ta minti biyu ta yi bayanin aikin, sai aka cinye minti biyun da zancen mahaifinta, ɗankwalinta da mijin da ko saninsa ba ta yi ba. Sanyin jikin da kika gani daga nan ya fito. An nuna mata cewa zuwanta filin shi ne labari, abin da ta yi a cikinsa ba a ma lura da shi ba.

Wannan ɗabi'a ta girmi matashin nan, kuma manyan gidajen talabijin na duniya sun fi shi zurfi a cikinta. A watan Janairun 2015, a gasar tanis ta Ostireliya, Eugenie Bouchard 'yar Kanada ta gama lallasa abokiyar karawarta, sai mai hira ya ce ta ɗan juya 'yan kallo su ga kayan da ta sa. A Disambar 2018 aka ba Ada Hegerberg 'yar Norway kyautar Ballon d'Or ta mata, wato ta gwarzuwar 'yar ƙwallon ƙafa ta shekara, karo na farko a tarihi. A lokacin ta ɗauki kofin zakarun Turai sau uku a jere da ƙungiyar Lyon. Ta gama jawabi tana ƙarfafa wa yara mata gwiwa ke nan, mai gabatarwa ya tambaye ta ko ta iya wata rawar kaɗa ƙugu. Ta ce a'a, ta juya. Washegari zancen rawar ya danne zancen ƙwallonta a jaridu, kuma asarar ke nan: ko da jama'a sun tsaya mata, ranar tata an riga an karkatar da ita.

Akwai wani nau'in da ya fi wannan ɓoyuwa, wato mantawa da mata gaba ɗaya. A gasar tanis ta Wimbledon ta 2017, bayan Sam Querrey ya fitar da Andy Murray, wani ɗan jarida ya fara tambaya da cewa Querrey ne Ba'amurke na farko da ya kai wasan kusa da na ƙarshe a babbar gasa tun 2009. Murray ya katse shi ya ce ya dai ce namiji na farko. Gaskiya ya faɗa, don a cikin waɗannan shekaru Serena Williams ta yi ta ɗaukar manyan kofuna, kuma a wannan gasar kanta yayarta Venus ta kai wasan ƙarshe. A gasar Olympics ta Rio a 2016 kuwa, da Katinka Hosszu 'yar Hungary ta kafa sabon tarihin duniya a ninƙaya, mai sharhi ya nuna mijinta, wanda shi ne kocinta, ya ce ga wanda ya yi aikin. Ki lura da kamar da ke tsakanin wannan da tambayar "mahaifinki ya yarda?" Duka biyun suna laluben namijin da za a jingina nasarar a jikinsa.

In Alhaji ya ce waɗannan tsinto-tsinto ne, to an ma auna abin. A 2016 wasu masana kwamfuta na Jami'ar Cornell a Amurka suka tattara dubban hirarrakin da aka yi da 'yan wasan tanis bayan wasa, suka kwatanta kalmomin tambayoyin da kalmomin sharhin wasa. Suka samu tambayoyin da ake yi wa maza sun fi kusa da zancen wasan, na mata sun fi kauce masa. A shekarar dai, binciken maɗaba'ar Jami'ar Cambridge kan rubuce-rubucen wasanni na Turanci ya nuna kalmomin da suka fi raɓar sunan mace su ne na shekaru, aure da juna biyu, na namiji kuwa ƙarfi da sauri.

Yanzu mu dawo gida, don a nan abin yake da ɗan sarƙaƙiya, kuma ina so in yi wa matashin adalci. Mace a fili sabon abu ne a Saudiyya. Sai a 2012 ƙasar ta fara tura mata Olympics, a gasar London, Sarah Attar a tseren mita 800 da Wojdan Shaherkani a judo. A 2017 aka amince da darasin motsa jiki a makarantun gwamnati na 'yan mata. A Janairun 2018 mata suka fara shiga kallon ƙwallo, kuma a nan Jidda aka fara, a wasan Al-Ahli da Al-Batin. Tawagar mata ta ƙasa ta buga wasanta na farko a Fabrairun 2022, ta ci Seychelles biyu da nema, sannan babbar gasar ƙungiyoyin mata ta fara a ƙarshen shekarar. Wanda ya taso yana ganin wannan sauyi da idonsa, dole abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne "yaya aka yi aka bar ki?" Tambayar tana da muhallinta: doguwar hira ta tarihin rayuwa, wadda aka zauna aka shirya, mai ita ta san za a taɓo gida kuma ta amince. A bakin fili, gumi bai bushe ba, hurumin wasa ne.

Abin da ke damuna shi ne 'yar wasa a ƙasar nan tana shan matsi daga gefe biyu. Na gida ya tambaye ta aure da izini. Baƙo daga Turai ya zo ya ɗora mata zancen 'yancin mata da hijabi, kamar ita ce kakakin gwamnati ko ta addini. Wojdan tana da shekara 16 a London, an shafe kwanaki ana jayayya kan abin da za ta rufe kanta da shi, a gida kuma wasu na zaginta a Twitter, ba a tsaya zancen judonta ba. Nouhaila Benzina ta Maroko, wadda ta fara buga gasar cin kofin duniya ta manya da hijabi a 2023, 'yar baya ce, kuma a wasan da ta fara Maroko ta ci Koriya ta Kudu ɗaya da nema, ba a zura musu ko ɗaya ba. Mutum nawa ne suka san wannan? Kowa ɗankwalin ya riƙe. Tambayoyin haƙƙin mata suna da nauyi, ni ma ina son a yi su, amma a kai su gaban jami'an da ke da ikon yanke hukunci.

Kin san me ke haifar da yawancin irin wannan tambaya? Rashin shiri. A shekarun da na yi ina koyar da matasa aikin hira, na lura wanda ya kalli wasa da biro a hannu ba ya rasa abin tambaya. Wanda ya iso ana busa tashi, bai san lambar rigar kowa ba, shi ne ke faɗawa zancen aure don ya cike gurbi. Wasan maza yana bin sa tun yana yaro, ya san Osama Hawsawi ne ya riƙe kambun tawagar Saudiyya a gasar duniya ta 2018, ya san wa ke tsaron baya a ƙungiyar Al-Ittihad ta Jidda. Ki tambaye shi 'yan wasan mata uku na ƙungiyar, sai ya yi shiru, alhali har 'yar Super Falcons Ashleigh Plumptre ta zo Al-Ittihad ɗin a 2023. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina mai sauƙi ne: kafin ka yi tambaya, ka ɗauka yayanta ne a gabanka. In za ka ji nauyin tambayarsa ko zai bar ƙwallo in ya yi aure, to ita ma ka bar ta.

Wani abu kuma da bai kamata a wuce shi ba: shekararta 17. Yi wa yarinya zancen aure a gaban kyamara, a cikin al'umma irin tamu da kowa ya san gidan kowa daga Jidda zuwa Makka, ba ƙaramin abu ba ne. Kafin isha'i bidiyon ya zaga WhatsApp na dangi har Kano, kuma duk amsar da ta bayar akwai mai fassara ta yadda yake so. Tambayar izini ita ma ta jefa ƙanenki cikin bakin mutane ba da saninsa ba. Kuna da damar ku nemi a yanke wannan ɓangare, cikin mutunci, ta hannun kociyarta. Ku kuma roƙi ƙungiyar ta sa doka: ba a hira da 'yar ƙasa da 18 sai da babba a wurin, kuma a faɗi abin da za a tambaya tun kafin a kunna kyamara. Shi matashin, in za a samu mai yi masa magana a keɓe, ya fi a tozarta shi a intanet. Ya dai taka ya zo wasan 'yan mata, abin da da yawa ba sa yi, kuma irinsa in an nuna masa hanya yakan gyara.

Ita kuwa, ki gaya mata ba dole ne ta amsa duk abin da aka tambaye ta ba, kuma ƙin amsawa cikin ladabi ba rashin tarbiyya ba ne. Dabarar da ƙwararru ke yi ita ce gajeriyar amsa, sannan a ja zance zuwa fili. In an ce mahaifinki ya yarda, ta ce "Alhamdu lillahi, gida suna tare da ni. Ƙwallo ta biyun nan, mun yi sati muna gwada ta a atisaye." In an kawo aure, ta ce "Wannan na gida ne, mu yi zancen wasa." Ku gwada a ɗaki, ke ki zama 'yar jaridar, har bakinta ya saba.

Kafin wannan duka, yau da dare in an zauna cin abinci, ki sa Alhaji da kansa ya yi mata tambayoyin da ba a yi mata ba. Wa ya ba ta ƙwallon farko? Da wace ƙafa ta buga ta biyun, kuma me ta gani a tsayuwar mai tsaron gida da ya sa ta zaɓi wannan kusurwa? Me kociya ta ce musu a hutun rabin lokaci? Ku bar ta ta yi bayani har ta gama, kada kowa ya katse ta.