Laftof ɗin gem tana zafi tana cijewa: me za a saya, me za a bari?

Tambaya: Salamu alaikum. Shekara biyu ke nan da na sayi laftof mai katin hoto RTX 3060. Da can GTA V da ƙwallo sumul take yi mini. Yanzu in na fara gem, minti goman farko lafiya lau, daga nan sai hoto ya riƙa cijewa, fanka na ta ƙugi, saman madannai ba ya taɓuwa don zafi. Wani ya ce in sayi faifan fanka da ake ɗora laftof a kai, wani ya ce in ƙara RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, ni kuma har na fara tunanin sayar da ita. (Wani ɗalibi daga Sakkwato)

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Wannan minti goman da ka ambata ya riga ya tona asirin matsalar. Kwamfutar da gem ya fi ƙarfinta, tun daga farko take ja da ƙyar. Wadda kuwa ta fara da gudu sannan ta sare, zafi ne ya kama ta. An ƙera firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da katin hoto ne yadda in zafi ya kai wani mataki za su rage wa kansu gudu don kada su ƙone. Firosesar Intel tana yin haka a wajen digiri 100, katin Nvidia na laftof irin naka kuma a wajen 87. Da sun ja birki sai FPS, wato yawan hotunan da ake nunawa a daƙiƙa ɗaya, ya faɗo.

Ka sauke HWiNFO ko MSI Afterburner, manhajoji ne masu nuna zafin kwamfuta, duk kyauta ne, ka bar shi a buɗe kana gem. Kada digiri 80 da 'yan kai ya tsorata ka, haka laftof ɗin gem suke. Abin dubawa shi ne ko lokacin da hoto ya fara cijewa ya zo daidai da lokacin da firosesa ta manne a 95 zuwa 100.

In haka ne, ƙura ce ta fi zama abin zargi. Hunturu biyu ya wuce ta kan kwamfutar nan a Sakkwato. Duk wanda ya taɓa ganin an buɗe irinta ya san abin da ake tararwa: tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke fita ta cikinsu, ƙura da zare sun dunƙule sun yi kauri kamar auduga, ana ɗago su da tsinke a sunƙule. Fanka na juyawa iya ƙarfinta, iska ba ta da hanyar fita. Kai ta wurin mai gyara, amma ka tsaya a kansa. Hura mata iska daga waje kawai ba aiki ba ne. A buɗe bayanta, a cire wayar batir, a danne fanka da yatsa kafin a hura, don iska mai ƙarfi tana iya juya ta fiye da kima ta lalata ta.

Tunda an buɗe, a canza man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya, domin yana bushewa. Irin su Arctic MX-4 sun wadatar, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sai dai ka fara bincika samfurin taka: da yawa daga cikin laftof ɗin Asus ROG narkakken ƙarfe ake sa musu maimakon mai, yana ɗaukar lantarki, ɗigo ɗaya a kan allon lantarkin da ke cikin kwamfuta ya isa ya jawo maka asara. Wannan ba na kowane mai gyara ba ne. Kuma 'yan laushin fatun nan da ke manne a kan ƙananan sassa, a mayar da su inda suke.

Faifan fanka fa? Yana rage 'yan digiri, ba ya kwashe ƙura. Ɗaga bayan kwamfutar da littafi ta samu iska ta ƙasa shi ma yana taimakawa. Katifa, darduma da cinya kuwa toshe mata hanci suke yi. A bazara, lokacin da gari ke haura digiri 40, ka ƙayyade FPS a 60 cikin saitin gem ko na Nvidia, kuma a saitin wutar Windows ka mayar da iyakar ƙarfin firosesa kashi 99 maimakon 100, wanda a kwamfutoci da yawa yake hana ta zaburar da ke haifar da zafin. RAM ba ta maganin zafi. Amma in sanda ɗaya ce a ciki, ƙara ta biyu irinta yana ɗaga FPS a gem da dama. Wannan sayayya ce ta daga baya.

Tambaya: Cajar laftof ɗin ɗana ta ƙone, na saya masa wata a kasuwa. Tana caji, amma ya ce gem ya koma tafiyar hawainiya, kamar yadda yake yi in an ɗauke wuta. (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, yaron bai yi ƙarya ba. Laftof ɗin gem ba ta ba da cikakken ƙarfinta a kan batir, wasu ma saitin Nvidia yana tsayar da su a FPS 30. Ƙaramar caja kusan haka take sa ta. Ki duba rubutun jikin tsohuwar: ƙarfin wutar irin waɗannan yakan kai wat 150 zuwa 230, wasu har 330, alhali cajar laftof ta ofis 45 ce ko 65. Shigar bakin caja ba ita ce dacewa ba. A nemo mai wat da bolt daidai da ta asali, ko da ta hannu ce, ta fi sabuwar da ba a san asalinta ba.

Tambaya: Na ga laftof biyu na hannu, duk RTX 4060, ɗaya siririya mai kyan gani, ɗaya kakkaura. Wacce zan ɗauka? (Wani mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Malam, sunan katin ɗaya ne, wutar da ake ba shi ce ta bambanta. RTX 4060 na laftof ana iya saita shi daga wat 35 har zuwa 115, gwargwadon abin da jikin kwamfutar zai iya sanyayawa, kuma siraran su aka fi rage wa. Ga zafin Maraɗi, ni mai kaurin zan ɗauka. Kafin ka biya, a jona ta da cajarta ta asali, a kunna gem mai nauyi na minti 20 zuwa 30 kana kallon digiri da FPS. In mai shago ya ce babu lokacin wannan, ka leƙa shago na gaba.